Cinikin Intanet da Haɗarin Miƙa Kaya Hannu da Hannu: Nazari a Kan Gusau da Tsafe da Bunguɗu

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne ta yi bayani a kan wani salon ciniki da ya bazu a garuruwan Jihar Zamfara, musamman Gusau da maƙwabtanta biyu, watau Tsafe da Bunguɗu. Salon kuwa shi ne mutum ya tallata hajarsa a WhatsApp ko Facebook ko Instagram, a yi ciniki ta waya a daidaita, sa'an nan mai saye ya zo da kansa ya karɓi kayan, ko kuwa ya aiko a karɓar masa. Yawancin gargaɗin da ake yi game da zambar intanet mai saye ake yi wa, ana ce masa kada ya yi cinikin biri a sama, kada ya tura kuɗi bai ga kaya ba. Wannan gargaɗi daidai ne, kuma ya shiga kunnen jama'a, har ya kai ga masu saye da yawa ba su yarda su biya sai sun zo sun gani da idonsu. To, amma da aka toshe waccan ƙofa, sai haɗarin ya koma kan mai sayarwa, shi kuwa ba kasafai ake yi masa magana ba.

Abin da laccar ke son ta tabbatar guda ɗaya ne. Irin wannan ciniki ya yi kama da cinikin hannu da hannu wanda Bahaushe ya sani tun kaka da kakanni, amma idan aka miƙa kaya kafin a tabbatar kuɗi ya zauna, to, bashi ne aka ba baƙo, ba shaida, ba mai tsaya masa, ba a kuma san gidansa ba. Za a duba yadda magabata suka tsare ciniki, da abin da ya sauya, da hanyoyin da asara ke shigowa, sa'an nan a kawo matakan rigakafi.

Yadda Aka Tsare Ciniki a Da

Gusau gari ne da kasuwanci ya raya. Tun bayan da layin dogo daga Zariya ya ratsa ta cikinsa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga, baƙi kuma suka riƙa shigowa daga kusa da nesa. Ke nan ciniki da wanda ba a sani ba ba sabon abu ba ne a wannan ƙasa. Abin lura shi ne, a wancan zamani ba a barin mai kaya da baƙo su biyu kawai. Akwai dillali a kasuwa, akwai fatoma ko maigida wanda ke saukar da fatake, akwai kuma dillaliya mai shiga gidaje da kayan matan aure. Waɗannan mutane sun san mai kaya, sun san mai saye ko wanda ya san shi, kuma abincinsu ya rataya ne a kan mutuncinsu.

Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Hausawan Sabo ta Ibadan ya kuma wallafa sakamakonsa a 1969, ya nuna cewa cinikin shanu a can yawancinsa da bashi ake yi, kuma maigida ne ke tsaya wa mahautan da suka ɗauki shanun fatake. Idan mahauci ya ƙi biya, nauyin yana komawa kan maigidan. Saboda haka ne ya zama tilas a gare shi ya san halin kowane mahauci da ƙarfin jarinsa. Daga nan za a gane cewa la'adar da ake ba dillali ba ladan haɗa mai saye da mai sayarwa kawai ba ce, a cikinta akwai kuɗin sani da kuɗin lamuni.

Har ila yau, kowane irin kuɗi da aka yi amfani da shi a ƙasar nan yana da hanyar gwada shi a take. Wuri ƙidaya shi ake yi. Kuɗin azurfa ana buga shi a ji ƙararsa. Kuɗin takarda, har zuwa naira da ta zo a 1973, ana shafa shi a kuma ɗaga shi ga haske. Duk wannan gwaji ana yinsa ne kaya na gaban mai shi, sai ya gamsu sa'an nan ya ce ya sallama.

Malaman fiƙihu da masana dokar Turawa sun haɗu a kan wannan tushe. A fiƙihun Malikiyya mai sayarwa yana da ikon riƙe hajarsa har sai ya karɓi kuɗinta. Dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893, wadda Nijeriya ta gada, ita ma ta ba wanda ba a biya ba ikon riƙe kayan, ta kuma bayyana cewa wannan iko yana faɗuwa da zarar mai saye ya karɓi kayan da yardar mai shi. Watau dai kayan da ke hannu su ne jinginar mai sayarwa, ba shi da wata bayansu.

Abin da Ya Sauya

Abubuwa biyu suka sauya. Na farko, wayar hannu, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya daga 2001, ta ba kowa damar yin talla ba tare da rumfa ko dillali ba. Ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Gusau yana iya sayar da waya ko kwamfuta daga ɗakinsa. Matar aure a Tudun Wada tana iya sayar da atamfa da turaren wuta ba ta fita ba. Ma'aikaci yana zaune a ofis yana cinikin buhunan masara ko ragunan layya da ya ajiye a gida. Wannan ci gaba ne babu shakka, domin la'ada ta zauna a aljihun mai kaya. Sai dai aikin da dillali yake yi na tantance baƙo bai gushe ba, ya dawo ne kan mai kayan, sau da yawa kuwa bai san ya dawo kansa ba.

Na biyu, kuɗin kansa ya daina zama abin da ake riƙewa a hannu. A 2011 aka fara tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankunan Nijeriya, a 2012 Babban Bankin Nijeriya ya fara shirin rage yawon tsabar kuɗi a Legas, a 2014 kuma aka fito da lambar BVN. Duk da haka mutanen karkara da ƙananan 'yan kasuwa sun ci gaba da riƙon tsaba, har sai da aka sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. An sanar da wannan sauyi a watan Oktoba na 2022, kuma a farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi ƙarancin da ya sa har mai kayan miya sai da ya nemi lambar asusu. Jihar Zamfara na cikin jihohi uku, tare da Kaduna da Kogi, da suka fara kai Gwamnatin Tarayya ƙara a Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ran 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Tsaba ta dawo daga baya, amma al'adar taransifa ta riga ta zauna. Mutane da yawa sun shige ta ne da tilas, a cikin 'yan makonni, ba tare da wani ya koya musu bambancin kuɗi da labarin kuɗi ba.

Wannan bambanci shi ne ginshiƙin al'amarin. Saƙon da ke shigowa waya, wanda jama'a ke kira alat, labari ne cewa kuɗi ya shiga. Hoton rasit da mai saye ke nunawa labari ne cewa kuɗi ya fita. Kuɗin kansa kuwa yana cikin littafin banki. Labari yana iya zama gaskiya, yana iya zama ƙarya, kuma ba a gane hakan ta hanyar duban saƙon.

Hanyoyin da Asara Ke Shigowa

Hanya ta farko ita ce alat na bogi. Akwai kamfanonin da ke aika saƙonni masu yawa a madadin 'yan kasuwa, inda mai aikawa ke zaɓar sunan da zai fito a saman saƙon. Ɗan damfara yakan yi amfani da irin wannan dama ya sa suna mai kama da na bankin mai kaya, ya tsara saƙon kamar yadda bankin ke tsara nasa. Lambar waya da lambar asusu kuwa mai kayan ne ya ba shi da hannunsa a lokacin ciniki. Haka nan akwai manhajojin da ke ƙera hoton rasit mai ɗauke da suna da adadi da lokaci. Wanda ya dubi irin wannan ya miƙa kaya, ba abin da ya karɓa.

Hanya ta biyu ta fi wuyar ganewa, domin sau da yawa babu mugun nufi a farkonta. Mai saye ya tura kuɗi da gaske, an cire daga asusunsa, ga shaida a wayarsa, amma kuɗin ya maƙale tsakanin bankuna biyu. Idan haka ta faru, ƙa'ida ita ce kuɗin ya koma inda ya fito, watau asusun mai saye. Idan an riga an ba shi kaya ya tafi, to, kaya da kuɗi duk suna wurinsa, abin da ya rage wa mai kaya shi ne fatan ya haɗu da mai tsoron Allah. Wani zai dawo ya biya. Wani kuma sai a wayi gari layinsa ba ya shiga.

Hanya ta uku ita ce ta rara. A nan saƙon bogi zai nuna an turo fiye da kuɗin da aka daidaita, alal misali naira 180,000 maimakon 150,000. Sai mai saye ya nuna damuwa, ya ce kuskure ya yi, ya roƙi a mayar masa da 30,000 ɗin. Mai kaya, saboda gudun cin haƙƙin wani, sai ya mayar daga kuɗinsa na gaske. Ta haka ne gaskiyar mutum ke zama makamin da ake cutarsa da shi, ya rasa kaya ya kuma ƙara da tsaba.

Hanya ta huɗu ita ce ta mutum uku, kuma ita ce mafi muni, domin a cikinta kuɗin gaske ne ke shiga. A ɗauka wani a Gusau ya sa hoton babur yana sayarwa. Ɗan damfara sai ya kwafi hoton ya tallata shi a wani wuri da araha kamar nasa ne. Wani bawan Allah a wani gari ya yi sha'awa, sai ɗan damfarar ya ba shi lambar asusun mai babur na ainihi. Kuɗi ya shiga, mai babur ya duba ya gani. Ɗan damfara ya zo ya ce shi ne ya turo ta hannun ɗan'uwansa, ya hau babur ya tafi. Bayan kwana biyu wanda ya biya bai ga komai ba, ya kai ƙara banki ko wurin 'yan sanda, kuma sunan da ke hannunsa shi ne na mai babur. Ana iya dakatar da asusun har a gama bincike, ana kuma iya neman ya mayar da kuɗin. Haka abin yake idan an biya daga asusun da aka yi wa kutse ko da katin ATM na sata. A jihar da ke fama da satar mutane don neman fansa, karɓar kuɗin da ba a san asalinsa ba yana iya jefa mutum cikin tambayoyin da suka fi asarar babur nauyi.

Hanya ta biyar ita ce musun karɓa. An biya, an aiko ɗan kabu-kabu ko wani yaro ya karɓa, daga baya mai saye ya ce shi bai aiko kowa ba, ko kuwa kayan ba su iso gare shi ba. Idan mai kaya bai rubuta komai ba, bai kuma kira mai saye ya tabbatar da ɗan aiken ba, maganarsa ce kawai da maganar wancan.

Bayan waɗannan akwai tsofaffin haɗura da ba su gushe ba, watau jabun kuɗi da ake cusawa a tsakiyar damin na gaske, da kuma ƙwace, inda za a kira mai kaya wani wuri da babu jama'a da sunan a zo a gwada kaya.

Ya kamata a auna girman asarar da ma'aunin ƙaramin ɗan kasuwa. Ɗalibin da ya sayi waya naira 140,000 ya sayar 150,000, ribarsa 10,000 ce. Idan aka tafi da waya ɗaya ba a biya ba, sai ya yi ciniki 14 lafiya lau kafin uwar kuɗin ta dawo, in ma yana da jarin ci gaba. Sau da yawa kuwa jarin kuɗin makaranta ne, ko adashe, ko rancen da za a cire daga albashi.

Abin da Ya Keɓanta da Waɗannan Garuruwa

Hanyoyin da aka lissafa ana samunsu ko'ina a Nijeriya, amma akwai dalilan da suka ƙara musu ƙarfi a wannan yanki. Tsafe tana kan hanyar da ta fito daga Funtuwa zuwa Gusau, Bunguɗu kuma tana kan wadda ta wuce zuwa Sakkwato. Mutanen garuruwan biyu da ƙauyukansu suna shigowa Gusau sayayya su koma a yini guda. Saboda matsalar 'yan bindiga da ta addabi waɗannan hanyoyi shekara da shekaru, matafiyi ba ya son yamma ta yi masa a waje. Ke nan idan mai saye ya ce a yi masa hanzari domin zai koma Tsafe kafin la'asar, uzuri ne da kowa ya san gaskiya ne, kuma mai kaya zai ji nauyin tsare shi. Ɗan damfara ya san wannan sarai, kuma gaggawa ita ce babban jarinsa, domin duk dabarunsa ba su jure jiran rabin sa'a.

Dalili na biyu shi ne raunin sabis. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a faɗin jihar saboda matakan tsaro, an kuma dakatar da kasuwannin mako-mako, sai a farkon Oktoba aka fara maido da sabis a Gusau. Wannan ya nuna a fili cewa ciniki da ya dogara da waya yana tsayawa idan waya ta tsaya. Ko a lokacin da ba a rufe komai ba, jama'a sun saba da jinkirin saƙo da faɗuwar taransifa, har kalmar "zai shigo" ta zama abin da ake karɓa ba musu. Inda jinkirin gaskiya ya yawaita, nan ne jinkirin ƙarya ke samun maɓoya.

Dalili na uku shi ne rabuwar mai waya da mai miƙa kaya. Ma'aikaci yana sakatariya, kayan suna gida. An turo masa hoton rasit yana tsakiyar aiki, sai ya buga waya ya ce a ba wanda ya zo. Haka matar aure, ba za ta fito ta ga baƙon ba, yaro za ta ba ya kai ƙofar gida. A da dillaliya ce ke tsakani, kuma an san ɗakinta. Yanzu wanda ya ga fuskar mai karɓa bai ga asusu ba, wanda ke da asusu kuma bai ga fuskar ba.

Dalili na huɗu ɗabi'a ce mai kyau wadda ake juyawa ta zama rauni, watau kunya da kara. Yana da nauyi ga Bahaushe ya ce wa dattijo mai kamala, ko wanda ya ambaci sunan wani abokinsa, ya dakata sai kuɗi ya shiga, domin kamar ya ƙaryata shi ne. Amma addini da kansa ya ɗauke wannan nauyi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma ba ta ware mutumin kirki daga wannan umurni ba. Neman tabbaci ba zargi ba ne.

Darasi Daga Waje da Matsayin Doka

Matsalar ba ta tsaya ga Nijeriya ba. A Amurka da Ingila, inda ake yawan biya da kati, mai kati yana da damar neman bankinsa ya janye kuɗin da aka biya idan ya ce ba da izininsa ba ne, ko kayan ba su iso ba. Kamfanin PayPal ya gina kariyar da yake ba masu sayarwa a kan shaidar aika kaya da isarsu, don haka wanda aka biya ta intanet ya kuma miƙa kaya hannu da hannu yakan rasa abin da zai nuna. Kamfanin eBay kuwa ya fito da wata lamba da yake ba mai saye, wadda mai sayarwa zai karɓa ya shigar a lokacin miƙa kaya, ta zama shaida. Abin da waɗannan kamfanoni suka gano shi ne abin da fatoma ya sani tuntuni: lokacin miƙa kaya yana bukatar shaida ta musamman. Mai talla a WhatsApp ba shi da kamfanin da zai tsaya masa ko kaɗan, saboda haka shi ne zai tanadi shaidarsa.

Ta fuskar doka, Nijeriya ta taɓa fuskantar irin wannan a zamanin ceki. Da ba da cekin da babu kuɗi a bayansa ya yawaita, sai aka kafa doka a 1977 wadda ta tanadi ɗaurin shekara 2 ga mai yin haka. Alat na bogi jikan wancan ceki ne. Kundin Fenal Kod da aka fara aiki da shi a Arewa a 1960 ya yi bayanin laifin cuta daga sashe na 320, Zamfara ta fara aiki da kundin hukunci na Shari'a a 2000, akwai dokar zamba ta tarayya ta 2006, akwai kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024. Daɗin daɗawa, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar bayanan da suka fito daga kwamfuta da waya idan an cika sharuɗɗa. Ke nan doka ba ta yi ƙaranci ba. Wahalar ita ce, doka tana hukunta wanda aka kama ne, kuma neman mutumin da ba a san sunansa na gaskiya ba yana iya cin kuɗi da lokaci fiye da darajar kayan. Hukunci kuma, ko an samu, ba lallai ne ya maido da jari ba.

Matakan Rigakafi

Mataki na farko, kuma uban sauran, shi ne kada kaya su bar hannu sai mai kaya ya ga kuɗi a asusunsa da kansa, a kan wayarsa, ta manhajar bankinsa ko ta lambar da ake dannawa a duba ragowar kuɗi. Ya dubi abin da ke cikin asusun kafin ciniki da bayansa. Saƙon da ya shigo, da hoton da aka nuna masa, da muryar wani da aka ce ma'aikacin banki ne, duk ba su wadatar ba.

Na biyu, a faɗi wannan sharaɗi tun a wurin talla, kafin mai saye ya taso. Idan an rubuta cewa ba a ba da kaya sai kuɗi ya zauna, to, ya zama ƙa'idar kowa, babu wanda zai ce shi aka raina, kuma mai zuwa daga Tsafe ko Bunguɗu zai san ya kamata ya yi sammako ko ya biya tun yana gida. Idan taransifa ta maƙale, kayan su kwana a wurin mai su, a ajiye wa mai saye da sunansa. Idan kuwa ba zai iya jira ba, a tafi tare wurin mai POS da aka sani ya ciro tsaba, a ƙidaya a duba a gabansa.

Na uku, a duba sunan da kuɗi ya fito daga gare shi. Idan ya saɓa da sunan wanda ake ciniki da shi, a nemi magana da mai asusun kai tsaye, a tambaye shi abin da ya saya da nawa ya saya. Wannan tambaya ɗaya ta isa ta tona damfarar mutum uku, domin amsarsa ba za ta dace da ta wanda ke tsaye ba. Idan kuma an ce an turo rara, kada a mayar da ko kwabo sai an tabbatar ta shiga, kuma a mayar ta asusun da ta fito, ba wani dabam ba.

Na huɗu, a kafa shaidar miƙawa. Littafi ƙarami ya isa: kwanan wata, da irin kaya, da lambar jikinsu idan waya ce ko babur, da sunan mai karɓa da sa hannunsa. Idan ɗan aike ne, mai saye ya rubuto sunansa tukuna, a kuma kira shi a lokacin da ake miƙawa. Kada a goge hirar da aka yi, domin ita ce takardar cinikin.

Na biyar, a zaɓi wurin haɗuwa da lokacinsa. Da rana, a cikin jama'a, a shagon wani da aka sani ko kusa da banki, kuma kada mutum ya tafi shi kaɗai idan kayan masu tsada ne. Bai kamata a bar wa yaro ko matar gida hukuncin miƙa kaya masu daraja ba, sai bayan mai asusu ya tabbatar ya kuma faɗa da bakinsa.

Na shida, idan kaya sun kai wani matsayi, kamar dabbobi ko abin hawa ko hatsi mai yawa, komawa ga dillalin da aka sani ba ci baya ba ne. La'adarsa ta fi asarar uwar kuɗi sauƙi. Yana da kyau kuma a ware asusun ciniki dabam da na albashi, domin idan aka dakatar da ɗaya kada gida ya rasa cefane.

Idan duk da haka abin ya auku, kada kunya ta sa a yi shiru. A sanar da banki nan da nan a rubuce, a kai rahoto ga 'yan sanda, idan ya cancanta a kai ga Hukumar EFCC, a kuma gargaɗi sauran 'yan kasuwa, domin mai irin wannan sana'a ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya.

Kammalawa

An ga cewa magabata ba su dogara da kyawun fuskar baƙo ba, sun dogara ne da dillalin da ya san shi, da kuɗin da suka gwada da hannunsu, da kayan da ba su saki ba sai sun gamsu. Cinikin intanet ya cire dillali, ya kuma mayar da kuɗi abin da ba a gani. Abu ɗaya ya rage a hannun mai sayarwa, shi ne kayansa, kuma ikonsa a kansu yana ƙarewa ne a daidai lokacin da ya miƙa su. Ɗalibai da ma'aikata su ne suka fi kowa iya karanta abin da ke cikin waya, saboda haka nauyi ne a kansu su fahimtar da iyaye da matan gida da ƙananan 'yan kasuwa wannan bambanci. Mai saye na gaskiya ba ya rasa komai don an ce ya jira kuɗinsa ya isa. Wanda jiran ya dama ƙwarai har ya fara faɗa, shi ne ya fi cancanta a sa ya jira.